Tambaya kan ɗan'uwa mai fansa: yaya za a koyar da littafin Rut ba tare da an cusa masa abin da bai faɗa ba?

Malamar Lahadi, Aboabo:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na masu jin Hausa a ikkilisiyarmu nan Kumasi zai ɗauki littafin Rut na mako huɗu, sura ɗaya kowace Lahadi. Yawancin 'yan ajin mata ne, da gwauraye a cikinsu. Kowa ya saba jin cewa Bo'aza hoton Almasihu ne, amma da an iso sura ta 4 sai abubuwa su cuɗe. Mene ne ainihin aikin mai fansa a Shari'ar Musa, kuma yaya ake lissafin kuɗin? Shari'a ce ta tilasta wa Bo'aza auren Rut ko ganin damarsa ne? Sannan idan an ce Yesu ya biya fansa, wa ya karɓa? Akwai masu cewa Shaiɗan aka biya, hankalina kuwa bai kwanta da wannan ba. Don Allah a haɗa mini da ayoyi.

Dattijo, Asawase:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Kada ki fara da Rut. Fara da Littafin Firistoci sura 25, domin marubucin Rut ya ɗauka mai karatu ya riga ya san wannan doka, shi ya sa bai tsaya bayyana ta ba.

Tushen yana aya 23: ƙasar ta Ubangiji ce, Isra'ilawa baƙi ne a kanta, saboda haka ba a sayar da gona har abada. Duk shekara ta 50, ran 10 ga wata na bakwai, wato Ranar Kafara, ana busa ƙaho kowa ya koma gonarsa ta gado. Ke nan abin da mai saye yake biya shi ne yawan girbin da ya rage kafin wannan shekara (aya 15 da 16). 'Yan ajinki za su gane nan take idan kika tuna musu da filayen Kumasi. Ƙasa ta sarauta ce, abin da ake ba mutum haya ce ta shekaru, galibi 99 a filin gida, wanda ba ɗan Ghana ba kuwa tsarin mulkin 1992 bai yarda a ba shi fiye da 50 ba. Mai wayo kafin ya sayi gida a hannun wani yakan tambayi shekara nawa suka rage a takarda.

Ga lissafin, ki rubuta shi a allo. A ce talauci ya sa mutum ya sayar da gona saura girbi 20 kafin shekara ta 50, a kan shekel 200 na azurfa. Kowane girbi shekel 10 ke nan. Bayan girbi 6 sai ɗan'uwansa ya zo fansa. Mai saye ya riga ya ci na shekel 60, sai a mayar masa da 140, gona ta koma ga danginta (aya 27). Mai saye ba shi da ikon ƙi, kuma ba ya sa farashin da ya ga dama. Inda masu koyarwa suke yawan yin tuntuɓe shi ne su ce ana ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Wannan ƙari yana sura 27 ne, ya shafi gida ko gona ko dabbar da mutum ya keɓe wa Ubangiji sannan ya so ya karɓe ta. Bai shafi ciniki tsakanin mutum da mutum ba.

Hanyoyin dawowar gona uku ne: ɗan'uwa na kusa ya fanshe ta (25), mai ita ya samu wadata ya fanshe da kansa (26 da 27), ko a jira shekara ta 50 (28). Gida a birni mai garu dabam ne. Shekara guda cif ake da ita, idan ta wuce ba a fansa ba ya zama na mai saye har jikokinsa (29 da 30). Gidan ƙauyen da ba garu ana bi da shi kamar gona.

Daga aya 47 zuwa 55 maganar ta koma kan mutum, wato Ba'isra'ilen da ya sayar da kansa ga baƙo mai arziki. Nan ne aka jera masu fansa: ɗan'uwansa na ciki ɗaya, ko ɗan'uwan mahaifinsa, ko ɗan wannan, ko wani dangi na jini. Lissafin iri ɗaya ne, ana ƙirga shekarun da suka rage bisa ladan ɗan ƙodago.

Idan kina son su ga yadda ake yi a zahiri, ki buɗe Irmiya 32. A shekara ta 10 ta sarki Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare, sai Hanamel ɗan baffansa ya zo ya ce Irmiya ya sayi gonarsa ta Anatot domin shi ke da hakkin fansa. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni, aka rubuta takarda biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu, aka ba Baruk magatakardansa ya adana su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe.

Sauran ayyukan mai fansa biyu ne: bin hakkin jinin ɗan'uwa da aka kashe (Ƙidaya 35), da karɓar diyyar laifin da aka yi wa ɗan'uwan da ba ya nan don ya karɓa (Ƙidaya 5:8). Ki lura da kyau, a duk wuraren nan babu maganar aure ko kaɗan.

Fasto, Sabon Zango:

Baba Dattijo ya share fage, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora daga inda ya tsaya.

Ƙanwata, auren matar mamaci doka ce dabam, tana Maimaitawar Shari'a 25:5-10. Sharuɗɗanta a fili suke: 'yan'uwa maza da suke zaune tare, ɗaya ya mutu bai bar ɗa ba. Sai ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan farin da aka haifa ya ɗauki sunan mamacin. Idan ya ƙi, matar za ta kai ƙara wurin dattawa a ƙofar gari, ita za ta cire masa takalmi ta tofa masa yau a fuska, gidansa ya zauna da sunan kunya. Bo'aza ba wan Malon, marigayi mijin Rut, ba ne, ba ƙanensa ba ne, dangin Elimelek ne kawai, wato mahaifin Malon kuma mijin Na'omi (Rut 2:1). Don haka rubutacciyar dokar ba ta kama shi ba. Ko wancan dangin na sura ta 4 da ya fi Bo'aza kusanci ya kuma janye daga fansar ba wanda ya tofa masa yau, shi ya cire takalminsa da hannunsa, kuma 4:7 ta ce al'adar tabbatar da ciniki ce ta dā. Idan kika haɗa takalman nan biyu kika mai da su ɗaya, kin ɓata darasin.

Ki bi sura ta 4 taki-taki. Bo'aza ya je ƙofar gari, inda ake shari'a da ciniki. Ya zaunar da dangin da ya fi shi kusanci, ya kira dattawa 10. Ya fara kawo maganar gonar Elimelek ita kaɗai, mutumin ya ce zai fansa. Me zai hana? Na'omi da bakinta ta ce ta tsufa (1:12), 'ya'yanta biyu sun mutu, kuma a jerin magada na Ƙidaya 27:8-11, wato ɗa, 'ya, 'yan'uwa, 'yan'uwan uba, sai dangi mafi kusa, ba a ambaci gwauruwa ba. Ke nan ko shekara ta 50 ta zo babu magajin da zai karɓe gonar, shi ne na kusa, ta zama tasa. Sai Bo'aza ya kawo magana ta biyu: ran da ka karɓi gonar, Rut mutuniyar Mowab tana ciki, domin a raya sunan mamaci a kan gādonsa. Nan lissafi ya juye. Zai fitar da azurfa daga dukiyar 'ya'yansa, ya ciyar da mata biyu, ɗan da za a haifa kuma ya gaji gonar da sunan Malon. Shi ya sa ya ce kada ya ɓata nasa gādon (4:6). Bo'aza ya ɗauki wannan hasarar da idonsa a buɗe, a gaban shaidu.

Abu biyu da ya kamata ajinki su gani. Bo'aza bai yi wa doka tsallake ba, ko da yake ya riga ya rantse wa Rut a masussuka (3:13). Ya ce akwai wanda ya fi ni kusa, sai an fara ba shi dama. Na biyu, a 2:12 ya yi wa Rut addu'a cewa ta sami lada wurin Ubangiji wanda ta zo neman mafaka ƙarƙashin fikafikansa, a 3:9 kuma ita ta ce masa shi ya rufe ta da gefen mayafinsa. Addu'ar da ya yi, shi aka sa ya cika ta. Kada kuma ki manta Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana Mowabawa shiga taron Ubangiji har tsara ta goma, ga shi kuwa Rut ta haifi Obida, kakan Dawuda, sunanta yana Matiyu 1:5.

Ɗalibin Tauhidi, Moshi Zango:

Ina gaida iyayena. Yaya Malama, kan tambayarki ta uku zan yi magana, amma da farko a faɗi gaskiya: babu inda Sabon Alkawari ya ce Bo'aza hoton Almasihu ne, kamar yadda Romawa 5:14 ta faɗa game da Adamu. Sunan Bo'aza a jerin kakanni kawai ya fito. Wannan bai hana a koyar da hoton ba, sai dai gadar da za ki bi ita ce wadda nassi ya gina da kansa. Tun a Fitowa 6:6 Allah ya ce zai fanshi Isra'ila, Ishaya ya yi ta kiransa Mai Fansa (41:14, 43:14, 44:6, 54:5), Karin Magana 23:10-11 ta ce mai fansar marayu mai ƙarfi ne, Ayuba 19:25 kuma kowa ya haddace ta. Wato Allah ya riga ya ɗora wa kansa aikin dangi na kusa. Tambayar da ta rage ita ce yaya zai zama dangi na jini, Ibraniyawa 2:11-17 ta amsa: da yake 'ya'yan nama da jini ne, shi ma ya ɗauki nama da jini, ba ya jin kunyar kiransu 'yan'uwa. Ki haɗa da Galatiyawa 4:4-5. A ganina wannan ita ce zuciyar darasin, ki ba ta rabin lokacin Lahadi ta huɗu.

Sauran sharuɗɗan mai fansa su biyo baya. Iya biya: Zabura 49:7-8 ta ce ba mutumin da zai iya fansar ran ɗan'uwansa, kuɗin ya fi ƙarfinsa, 1 Bitrus 1:18-19 kuma ta ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Yardar rai: Yahaya 10:18 da Markus 10:45. Rashin bashin kansa: Ibraniyawa 7:26-27. Wannan jeri masu wa'azi ne suka tsara shi, ba a rubuce yake haka a Firistoci 25 ba, ki gaya wa ajin haka. Gādon da aka dawo da shi kuwa yana Afisawa 1:14, Romawa 8:23 kuma ta nuna fansar jikinmu muna jiranta tukuna.

Wa aka biya? Ra'ayin cewa Shaiɗan ne tsoho ne, Orijen na Iskandariya ya koyar da shi a ƙarni na 3. Giregori na Naziyanzus a ƙarni na 4 ya ƙi shi, yana ganin abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi Allah kansa a matsayin fansa, Anselm na Kantabari da ya rasu a 1109 kuma ya nuna Shaiɗan ba shi da wani hakki a kanmu da za a biya. Nassi yana tare da Giregori da Anselm. Da Allah ya fanshi Isra'ila daga Masar, Fir'auna bai karɓi ko anini ba, Ishaya 52:3 ma ta yi maganar fansa ba da kuɗi ba. Afisawa 5:2 da Ibraniyawa 9:14 sun ce ga Allah Almasihu ya miƙa kansa hadaya, Shaiɗan kuwa an kwance masa ɗamara ne (Kolosiyawa 2:15). Kuskuren yana zuwa ne idan aka ce tunda a cinikin gona akwai mai karɓar azurfa, dole a gicciye ma a nemo shi.

Akwai kuma inda hoton ya tsaya. A Firistoci mutum zai iya fansar kansa idan ya samu wadata, a bishara babu wannan ƙofa. Bo'aza ya ce duk gari ya san Rut macen kirki ce (3:11), Romawa 5:8 kuwa ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Wanda bai faɗi wannan ba, 'yan aji za su tafi da tunanin cewa kirkin Rut ne ya sayi fansarta, su ma su yi kirki su samu.

Mai Bishara, Yalwa:

Ranka ya daɗe Fasto, ban ji ka taɓa abu ɗaya ba. Mu dai yadda aka saba wa'azinsa, dangin nan da ya janye hoton Shari'a ne. Ita ta fi kusa da mu, ita ta fara zuwa, amma ta ce ba za ta iya ba, daidai da Romawa 8:3, abin da Shari'a ta kasa Allah ya yi. Dattawa 10 kuma Dokoki Goma. Mutane suna gane wannan da sauri, me ya sa za a bar shi?

Fasto, Sabon Zango:

Ɗan'uwana, koyarwar Romawa 8:3 gaskiya ce, ka yi wa'azinta daga Romawa. Matsalar ita ce dalilin mutumin. Minti kaɗan kafin nan ya ce zai fansa, wato kuɗin yana hannunsa. Abin da ya hana shi tsoron hasara ne. Shari'a kuwa ba son kai ya hana ta ceto ba, Romawa 7:12 ta ce tsattsarka ce, raunin namu ne. Kuma a Rut Shari'a ce ta ciyar da su: dokar kala ta Firistoci 19:9-10 ce ta ba Rut damar shiga gona har ta tara kusan efa guda (ma'aunin hatsinsu) na sha'ir a yini ɗaya (2:17). Batun dattawa 10 kuma, babu ayar da ta haɗa su da Dokoki Goma. Ran da wani ɗan aji ya ce a nuna masa a ina aka rubuta, malama ba za ta sami abin nunawa ba.

Malamar Lahadi, Aboabo:

Na gode iyayena, na kwafe lissafin gonar da tsarin sura ta 4. Saura abu ɗaya. Wasu 'yan ajin sun fito daga gidajen da ake gādon mace idan miji ya mutu, wasu kuma dangin miji suna neman fitar da su daga ɗaki. Ina tsoron a ɗauki Rut a ce ga hujja.

Mama Zumunta, Asokore Mampong:

'Yata, tsoronki yana kan hanya, kuma maganin yana cikin littafin. Na'omi ta sallami surukanta biyu tun a hanya ta ce kowace ta koma gidan uwarta (1:8), ɗayarsu, Orfa, ta koma ba wanda ya zarge ta. Bo'aza da kansa ya ce Rut tana iya bin samari, masu kuɗi ko talakawa, ba ta yi ba (3:10). Ita ta nemi auren. Ga mu na Sabon Alkawari kuwa 1 Korintiyawa 7:39 ta gama magana: wadda mijinta ya mutu tana da 'yancin auren wanda take so, cikin Ubangiji kawai. Abin da ya rage a wuyan dangi shi ne kulawa, 1 Timoti 5:4, 8 da 16. Mai fansa dukiyarsa yake fitarwa don gādon mamaci ya tsaya wa magajin mamaci. Wanda ya zo kwasar kayan marayu da sunan shi ne dangi na kusa, kishiyar wannan yake yi, ki faɗa musu haka ƙarara.

Su kuma san dokar ƙasa. Dokar gādon wanda ya mutu ba wasiyya, PNDC 111 ta 1985, ta ba matar da 'ya'ya kayan ɗaki, da gidan idan ɗaya ne mamacin ya bari. Sauran dukiyar, idan akwai mata da 'ya'ya, ana kasa ta 16: 3 na matar, 9 na 'ya'ya, 2 na iyayen mamaci, 2 a raba bisa al'ada. Gyaran da aka yi mata a 1991 ya mai da fitar da gwauruwa ko 'ya'ya daga gidan aure kafin rabon gādo laifi ne. Amma dokar ta shafi abin da mamacin ya nema da guminsa ne kaɗai, ban da gidan dangi ko ƙasar sarauta, kuma a nan ne yawancin rigima take tashi, musamman idan mijin ɗan Asante ne inda gādon al'ada yake bin ɗakin uwa. Duk wadda abin ya shafa ta adana takardar aure, takardun haihuwar yara, da takardar fili ko rasit ɗin gini, ta nemi lauya kafin a zauna rabo.

Sura ta 3 kuma ki yi hattara idan akwai 'yan mata a ajin. Zuwan Rut masussuka da dare shirin Na'omi ne, mai haɗari, Bo'aza ma ya sallame ta tun da sauran duhu don kada a san mace ta zo wurin (3:14). Ba tsarin neman aure ba ne da za a ce a kwaikwaya. Da ni ce, sai in ware wannan Lahadin in roƙi wata dattijuwa daga zumuntar mata ta zauna a ajin, Firistoci 25 kuma a karanta ta a gida tun mako na farko don kada ta cinye lokacin sura ta 4.